Kawu da Buhun Dutsen da Ya Kawo Gidanmu

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Kawuna, yayan Inna, ya rasu a Gummi cikin daminar bana, wata Talata da hantsi, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun saukar ruwan fari. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa. Duk wanda ya shigo layin, abin da yake fara gani mashina ne, jere a jikin katanga, kowanne da jar laka har tanki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan mashin, a kan mashin aka zo masa gaisuwa, daga Anka, daga Bukkuyum, daga ƙauyukan da ni kaina ban san sunansu ba.

Wani tsoho mai faci daga garin Daki Takwas ya zo, ya yi addu'a, ya shafa, sai ya kama dariya yana share ido da gefen riga.

Ya ce, “Wanga bawan Allah bai taɓa yarda da iskan da nib buga mai ba. Sai ya sa babban yatsa ya danna taya, ya ce in rage. In na rage, ya ce in ƙara kaɗan. Wata rana nic ce mai, Malam, to amshi shagon mana in huta!”

Aka yi dariya, har da 'ya'yan mamacin.

Wani Bafillace kuma ya ba da labarin ranar da Kawu ya tarar da shi cikin daji ɗauke da maraƙi mai karyayyar ƙafa. Kawu bai san shi ba, bai tambaye shi ko wane ne ba. Ya ɗora maraƙin a kan tanki, mai shi a baya, ya kai su har ruga, maraƙi na kuka Kawu na ba shi haƙuri.

Haka aka yi ta yi, kowa da nasa. Sai a rana ta uku wani dattijo daga ƙauyenmu, maƙwabcin Baba, ya iso. Ƙauyenmu yana can gefen 'Yargalma, a ƙasar Bukkuyum, inda aka kai Inna aure. Dattijon ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya gyara murya ya ce, “Ni dai na yahe mai. Abin da yaw wuce ya wuce. Allah shi ya ƙaddara.”

Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon saƙar tabarma. Babban ɗan Kawu ya damƙe gwiwarsa da hannu. Babu wanda ya tambayi abin da aka yafe, domin kowa ya sani. Sai aka ce amin, ni ma na ce amin tare da su, kunya kuwa ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Dattijon nan da ya zo yafiya, a ƙofar gidansa aka kafa injin niƙa dutse na farko a ƙauyenmu. Na san haka, kuma na yi shiru.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Na ga ana shirin tuna Kawu rabi da rabi: wasu su riƙe barkwancinsa, wasu su riƙe laifin da aka ɗora masa. Ina so a tuna da shi gaba ɗaya.

Kawu ba bakanike ba ne. Ɗan kasuwar ƙauye ne, mai kai gishiri da kanwa da sabulu da maganin dabbobi, ya dawo da man shanu da busasshen kifi. Amma duk wanda ya san shi ya san kasuwancin hujja ce kawai, tafiyar yake so. A kan mashin ya je Zuru, ya je Yawuri da Kwantagora da Argungu, har Ƙonni ya leƙa. Ya san inda yashi ke kama ƙafa, ya san mashigin da ake tsallaka gulbi da rani da wanda sai an sa mashin cikin jirgi. In ya yi sati bai yi doguwar tafiya ba, sai ya kama faɗa da kaji.

Kowace safiya, kafin ya sa komai a bakinsa, zai turo mashin gindin darbejiya ya tsuguna. Ya danna taya ta gaba, ya danna ta baya. Ya juya ƙafar a hankali yana cire ƙaya da tsakuwa da tsinke. Ya ja sarƙa ya ga ko ta saki, ya ɗiga mata baƙin mai da gashin kaza. Sannan ya ɗauki ƙusa ya bi wayoyin ƙafar ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, kunne a karkace, domin a cewarsa wadda ta saki muryarta daban take. In ka yi masa magana a lokacin ba zai amsa ba. In ka matsa, sai ya ce, “Bari mu gama gaisawa.”

Yana da maganganu da har yau abokan tafiyata ke maimaitawa ba su san mai su ba. Yakan ce, “Mashin ba shi kada mutum sai ya gaya mai, mutum na ba shi saurare.” Yakan kuma ce, “Inji shi ka kai ka, taya ita ka maido ka gida.” Tayoyi kashi biyu gare shi: masu manyan haƙora na damina, saboda taɓo, da masu ƙananan zane na rani. Waɗanda ba lokacinsu ba, a ƙarƙashin rumbu yake ajiye su don kada rana ta cinye su. Ya tsani ya ga suɗaɗɗiyar taya a mashin ɗin wani. Zai tsayar da baƙo a tsakiyar kasuwa ya ce masa, “Kana da ɗiya?” In ya ce yana da su, sai Kawu ya nuna tayar ya ce, “To wagga ba ta san da haka ba.” Matarsa takan ce da yana duba rufin ɗakinta yadda yake duba taya, da ruwa bai taɓa ɗigo mata a gado ba.

Shi ya koya mini tuƙi. Bai yarda na buga kik ba sai da na iya cire ƙafar baya na mayar, na iya faci da hannuna. Daga baya na samu aiki a Gusau, na sayi babban mashin irin na doguwar tafiya, na shiga cikin abokai masu irinsa, muna fita zaga garuruwa in an samu hutu. Ciwon Kawu ne na ɗauka, shi ma ya san haka, yana kuma jin daɗi ko da bai faɗa ba.

Sau ɗaya muka taɓa ɓatawa da shi, kuma a kan taya ne. A shekarun da hanyoyi ba su gama ɓaci ba, muka biyo ta Gummi ni da abokaina za mu Zuru. Kawu ya fito ya zagaya mashin ɗina, ya tsuguna wajen ƙafar baya. Na gaya masa wannan irin tayar ba ta da tif a ciki, ko ƙusa ta shige ta ba ta sacewa nan take, sai ka kai inda za ka.

Ya ce, “Taya ba tif? Awa riga ba wando ke nan.”

Na ce, “Kawu, zamani ya zo da ita.”

“Zamani bai san hanyar Zuru ba. Ku jira ni in ɗauko hulata.”

Ya biyo mu da tsohon mashin ɗinsa, wai ya ga ƙarshen ƙarya. Allah da ikonsa, ƙusa ta shiga tayata ta baya, ba mu ma sani ba sai da muka tsaya sallar azahar. Wani abokina ya zare ta, ya cusa roba a ramin, ko ƙafar ba a cire ba, muka ƙara iska muka wuce. Kawu ya ce ƙusar ce ba ta da ƙarfi. Ba mu yi nisa ba tasa ta sace. Ya sauka a rana tsaka, ya cire ƙafa, ya zaro tif, yana neman huda da miyau a yatsa. Abokaina suna inuwa suna zolayarsa, shi ma yana rama musu. Sai ni kuma na ce, cikin dariya, “Kawu, da irin tawa ce da tuni mun isa.”

Hannunsa ya tsaya cak. Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya gama facinsa, ya mayar da ƙafa, ya juya kan mashin ya nufi Gummi shi kaɗai. Abokaina suka ce tsoho ya ji haushin an kayar da shi a musu. Ni ma haka na ɗauka, sai da muka yi tafiya kaɗan maganar ta dawo mini a kunne, na ji nauyin abin da na faɗa. Watanni ba mu yi magana ba. Da na je yi masa barka da salla, ya fito, ya wuce ni ya je ya danna tayata ya ce, “Iskan ga ya yi yawa.” Sulhunmu ke nan. Bai taɓa yarda cewa taya marar tif ta fi ba, ni kuma ban sake tayar da zancen ba.

Don a gane abin da na faɗa masa a hanyar Zuru, sai na koma baya, zuwa shekarar zinari.

A lokacin ina saurayi, ina ƙauye wurin iyayena. Zancen zinari ya cika ƙasar, an buɗe ramuka a daji, baƙi daga wasu jihohi sun cika ko'ina. Masu haƙa suna neman wanda zai ɗauko musu buhunan dutse mai zinari daga rami zuwa gari, Kawu kuwa ya san kowace hanya. Ya sa wa mashin ɗinsa taya mai kauri, ya ƙara shokazoba mai shanye girgiza a baya, yana buga iska har tayar ta yi tauri kamar icce saboda nauyin kaya.

A wancan zamanin Kawu ba ya sallama a gidanmu. Da mashin yake shigowa ta zaure har tsakar gida yana danna ham, kaji na watsewa, Inna na yi masa faɗa tana dariya. Autarmu, wadda ta fara tafiya ke nan bakinta bai gama buɗewa ba, ita ke fara isa wurinsa. Sai ya ɗaga ta ya zaunar a kan tanki, ta riƙe madubi tana ihu.

A shekarar nan, gonar Baba ba ta yi kyau ba. Wata rana Kawu ya shigo da buhu a baya, ya kwance ya sauke a gaban Inna.

Ya ce, “Ga wanga, ƙanwata. Ki daka, ki wanke, abin da Allah ya ba ki naki na. Kada yaran ga su kwana da yunwa ina raye.”

Kyauta ce, don Allah da zumunci. Inna ta daka a turminta na hatsi, ta wanke, aka samu abin da aka samu. Da shi aka sayi dawa, aka sayi akuya, aka yi wa ɗakin Inna rufin kwano. Maƙwabta suka gani, kowa ya nemo nasa. Kafin a jima babu gidan da ba a daka dutse, sannan injuna suka zo. Garin dutsen nan ya bi ko'ina, yana kan tabarma, yana kan faifan tuwo, yara suna wasa a cikinsa suna sa hannu a baki. Baba da kansa ya tafi rami. Ni na yi ta tankaɗe. Babu wanda ya ga aibu, domin kowa ya ƙoshi.

Da bazara ta kama, yara suka fara ciwo. Amai, zazzaɓi, sai jijjiga, ido ya kafe. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska. Aka yi ta rubutu da hayaƙi, ana ta kai ƙanana maƙabarta.

Ranar da abin ya kama Auta, da safe ne, Kawu ya shigo da buhu a baya kamar kullum. Da ya gan ta a hannun Inna tana sanƙarewa, ya yanke igiyar buhun da wuƙa ya ture shi ƙasa, ya ce, “Hau!” Inna ta hau da Auta a ƙirji, suka nufi asibitin Bukkuyum. Ni da Baba muka tsaya neman aron mashin, muka bi bayansu.

Hanyar duk duwatsu ce da kwazazzabai. Tayar Kawu an buga ta don nauyin buhu, ba don mace da jinjira ba, sai mashin ya riƙa tsalle. Inna ta ce masa, “Yaya, girgizag ga na wahal da ita.” Ya tsaya ya rage iskan ƙafar baya don tafiyar ta yi laushi. Shi ya fi kowa sanin haɗarin yin haka a kan dutse, amma ya yi. Da suka zo wani busasshen rafi, ƙafar ta daki bakin dutse, ƙarfen ƙafar ya datse tif, taya ta kwanta.

A nan muka cim musu. Inna tana zaune gindin wata kanya ta juya baya, ta lulluɓe Auta da mayafi. Kawu yana durƙushe cikin yashi, ƙafar mashin a gabansa, gam ya zube masa a yatsu, yana hura facin da baki don ya yi saurin bushewa. Baba ya wuce wurin Inna, ya ɗaga mayafin, ya yi salati. Kawu ya ji. Bai waiwaya ba. Ya mayar da tif, ya kama famfo yana bugawa, yana bugawa, taya ta cika bai daina ba, sai da Baba ya zo ya riƙe masa hannu.

Bayan wasu makonni ma'aikatan lafiya suka zo, suka ɗebi jinin yara, suka auna ƙasar gidaje. Aka tara mu a ƙofar gidan mai gari aka gaya mana ba iska ba ne, ba sanƙarau ba ne, gubar dalma ce da ke cikin dutsen da muke dakawa. Kawu yana cikin taron, a tsaye daga baya. Na ga ya cire hula, ya dube ta kamar bai san ta ba, sannan ya zauna a ƙasa.

Daga ranar bai sake ɗora dutse a mashin ɗinsa ba. Ya cire shokazobar da ya ƙara, ya canza taya. Duk daminar nan ya bar kasuwa, yana jigilar mata da yara daga ƙauyuka zuwa asibiti, Bukkuyum da Anka, cikin ruwa da taɓo, bai karɓi ko goro a hannun kowa ba. A aljihunsa kullum akwai sabon tif, wani kuma ɗaure a ƙarƙashin sirdi. Da aka zo kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje ana zuba sabuwa, ya ɗauki shebur ya shiga cikin masu aikin, gida bayan gida. Da aka iso namu, ya miƙa wa wani shebur ɗin, ya tsaya a waje.

Bai sake wuce zaurenmu ba. Yana zuwa, ba ya fashi, amma tun daga nesa yake kashe inji ya turo mashin da hannu. Ya zauna a zaure su gaisa da Baba, ya ce a gaida mutanen gida, ya ajiye sabulu ko kifi, ya tashi. Inna tana jin muryarsa daga ciki, ita ma ba ta fitowa. Sai ta ce a gaida shi, a tambaye shi mutanen Gummi. Wa da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, katanga ɗaya tsakaninsu, shekara da shekaru sai dai aike. Mu kuma muka saba da hakan, kamar yadda ake sabawa da tsagewar bango.

A ƙauye babu wanda ya taɓa tarar Kawu ya ce kai ne. Amma duk lokacin da zancen shekarar ya taso, sai ka ji an ce, “Ai tun daga buhun farko.” Ba a faɗin suna, ba a kuma buƙata. Waɗanda suka kawo buhu ɗari bayan nasa suna cewa haka. Waɗanda suka kafa injuna suna cewa haka. Wasu ma da ƙura ta lafa suka koma sana'ar, sai dai a bayan gari. Mu da muka ci dawar, muka kwana ƙarƙashin kwanon, ba mu taɓa buɗe baki mun ce kowa ya daka ba. Mutum ɗaya ya sunkuyar da kai, sai sauran muka ga mun samu damar ɗaga namu. Wannan ita ce kunyar da ban san inda zan ajiye ta ba.

Sau ɗaya na gwada yi masa magana. Muna zaune gindin darbejiyarsa yana wanke fulogi da fetur, na ce, “Kawu, ai ba ka sani ba. Babu wanda ya sani.”

Bai ɗago ba ya ce, “Rashin sani shi ka hana zunubi, ɗana. Ba shi hana kunya.”

Ya hura fulogin, ya mayar, zance ya ƙare.

Tsufa ya zo masa da hawan jini. Hanyoyi kuma suka ɓaci da 'yan bindiga, tafiyar da yake rayuwa dominta ta gagara, har akwai lokacin da aka hana hawa mashin a wasu wurare. Ya koma zama a ƙofar gida yana duba tayoyin masu wucewa. Farkon daminar nan ya faɗi a wajen alwala, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, bakinsa ya karkace amma ana jin maganarsa.

Na je ƙauye na gaya wa Inna halin da ake ciki. Ta ci gaba da tsince waken da ke gabanta. Can ta ture faifan ta ce, “Gobe da sahe ka kai ni Gummi.”

Na ce, “Inna, bari in nemo mota.”

“A kan mashin za ka kai ni.”

Rabonta da hawa mashin tun ranar Auta. Muka fita da hantsi, lokacin da hanya ke da mutane. Har muka isa tana riƙe da rigata da hannu biyu.

Matar Kawu ta tarbe mu tana kuka, ta kai mu ɗakinsa. Yana kwance a kan katifa a ƙasa, ya rame. Da ya ji sallamar Inna, sai ya kai hannunsa mai lafiya ya ja zane ya rufe fuska. Dattijo mai jikoki, ya rufe fuska kamar yaron da ya yi ɓarna.

Inna ta zauna a gefen katifar ta ce, “Yaya, buɗe. Magana ta kawo ni.”

Bai buɗe ba.

Ta ce, “To ji daga nan. Ranar da kak kai mu, kahin mu kai rahin nan yarinya ta cika. Tun muna kan tudu nij ji ta saki a hannuna. Tayar ba ta hwashe ba sai bayan nan.”

Zanen ya sauka a hankali. Ya dube ta, idanunsa jawur.

“Kahin rahin?”

“Kahin rahin, Yaya.”

“Ashe ba iskan da nir rage ba na?”

“Ba shi na ba. Ko da jirgin sama kaz zo, ba mu iske asibiti da ita.”

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Sannan ya ce, “Mi ya hana ki gaya man?”

Inna ta sunkuyar da kai. Ta ce, “A kan hanya na kasa, ina ganin in na hwaɗi ya tabbata. Da na gan ka duƙe kana faci, na kasa. Gobe nic ce jibi. Da anka ce dutse na, sai nit tuna ni nid daka shi, da hannuna, tana goye a bayana tana shaƙa. Na ga ka ɗauka, sai na bar ma, don ni ban iyawa. Kana zaure kana jin kunyata, ina ɗaka ina jin taka. Ka yahe man, Yaya.”

Ya ce, “Dutsen dai ni na kawo.”

“Kai ka kawo, ni na daka, gari dut anka ci. In za a tambaya, tare za a tambaye mu.”

Ya buɗe tafin hannunsa a kan katifa, Inna ta sa nata a ciki. Sai ya juyo da ido wurina, ya ce, “Kai, ba mu wuri.”

Na fita na zauna a bayan ɗakin, kusa da taga. Da farko kuka kawai nake ji, nata da nasa. Can sai na ji Kawu ya kira sunan Auta, sunanta na yanka, wanda tun ranar da aka binne ta babu wanda ya sake furtawa a gidanmu. Inna ta maimaita. Suka shiga tuna ta, yadda take satar ƙuli-ƙuli ta ɓoye a kumatu, yadda ta taɓa cizon akuya a kunne. Har na ji dariyar Kawu, da karkataccen bakinsa, tana fita da ƙyar. Inna ba ta koma ƙauye ba. Ita ta yi jinyarsa tare da matarsa, kuma tana riƙe da kansa ranar da ya cika.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya sa tafiye-tafiyen da ya yi da 'ya'yan mutane zuwa asibiti su tsaya masa. Allah ya jiƙan yaran shekarar nan baki ɗaya. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ƙarfin ɗaukar rabonmu na abin da ya ɗauka shi kaɗai. Shi kuma Allah ya haɗa shi da Auta, a inda babu wanda zai sunkuyar da kai.